Kaɗawar Ƙwaƙwalwa: Talla Ta Riga Magani Isowa

Duk wanda ya taɓa neman dabarar ƙara kaifin ƙwaƙwalwa a YouTube ya ci karo da su. Bidiyo ne masu tsawon awa uku har takwas, babu komai a ciki sai wani gunji da hoton taurari, an rubuta cewa sautin zai jefa ka cikin "yanayin alfa" ka haddace karatu ba wahala, ko ya kai ka "yanayin delta" ka yi barci mai nauyi. Ɗalibai masu shirin JAMB da 'yan jami'a suna toshe kunne da su har asuba. A lokaci guda kuma, a wani ajin firamare, akwai yarinyar da take ɗaukewa sau da yawa a rana idonta a buɗe, ana tsula mata bulala a kan rashin mai da hankali, alhali gwajin rabin awa na kaɗawar lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda ake wannan talla da sunanta, zai iya nuna ciwon da ke damunta. A ganina ilimin nan ya iso mana a juye. Ɓangarensa mai raunin hujja ya shiga kowace waya kyauta, wanda likitoci suka yi kusan shekara 90 suna dogara da shi kuwa sai an yi kuɗin mota zuwa babban birni kafin a same shi.

Ita kaɗawar gaskiya ce, babu tababa. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma da lantarki suke isar da saƙo. Idan dubbai daga cikinsu suka riƙa tashi tare suna lafawa tare, ana iya kama alamar hakan ta fatar kai. Richard Caton na Liverpool ne ya fara ganin wannan lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai a 1875. A jikin mutum kuwa sai a 1924, a hannun wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger a garin Jena, wanda ya riƙe sakamakonsa shekara biyar saboda shakka kafin ya wallafa a 1929. Abin da ya ja shi cikin binciken ma abin lura ne. Yana saurayi a aikin soja ya faɗo daga kan doki har ya kusa halaka, a ranar kuma 'yar'uwarsa da ke can nesa ta ji a jikinta cewa wani abu ya same shi, ta matsa wa mahaifinsu ya aika masa wayar tangaraho. Daga nan Berger ya ƙudurta cewa zuciya tana aika wa zuciya saƙo, ya shiga neman hanyar da saƙon yake bi. Bai same ta ba. Abin da ya samu shi ne, idan mutum ya rufe ido ya natsu, bayan kansa yana fitar da wata kaɗawa mai tsari, kimanin sau 10 a sakan guda, da zarar ya buɗe ido ko aka ba shi lissafi sai ta dushe. Ita ce ya kira alfa. Abokan aikinsa ba su yarda ba sai da Edgar Adrian da Bryan Matthews suka tabbatar a Cambridge a 1934. Tun ranar haihuwar wannan fanni ke nan ake neman ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa.

Daga baya aka raba kaɗawar gida-gida bisa saurinta. Delta ce mafi nawa, ƙasa da sau 4 a sakan, ita ke mamaye barci mai nauyi. Tita tana tsakanin 4 da 8, tana yawaita lokacin gyangyaɗi. Alfa daga 8 zuwa 13, beta daga nan zuwa 30 lokacin da mutum yake farke yana aiki, abin da ya haura haka kuma gamma. Masu talla suna maganarsu kamar giyar mota, a cire wannan a saka waccan. Ba haka abin yake ba. Dukkansu suna nan tare a kowane lokaci, a sassa daban-daban na ƙwaƙwalwa, wata ce kawai take rinjayar wata. Kuma alamar da ke isowa fatar kai ƙarama ce ƙwarai, batirin tocila ɗaya ya ninka ta fiye da sau 10,000. Ƙifta ido ko taune haƙori ya isa ya binne ta.

Na'urar EEG, wadda ake auna kaɗawar da ita, tamkar mutum ne a bayan katanga yana jin mata suna lugude a cikin gida. Zai san ko dakan ya yi sauri ko ya lafa, zai san ko taɓaren suna tafiya tare ko wata ta saɓa, idan turmi ya kife ma zai ji. Amma hirar da suke yi a bakin turmin ba za ta iso shi ba. Wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin ƙaryar da ake yi da sunan ƙwaƙwalwa.

To ina ruwan wannan kaɗawa da abin da muke gani da ji? Nan ne binciken ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi bukatar taka-tsantsan. A 2009 wasu masu bincike a Toulouse ta Faransa da wasu a Illinois ta Amurka, kowa da nasa aikin, suka riƙa haska wa mutane wani ɗigon haske mai rauni, wanda wani lokaci a gan shi wani lokaci a rasa. Hasken iri ɗaya ne kullum, idon ma shi ne. Sai suka tarar cewa ganinsa ko rashin ganinsa yana da alaƙa da inda kaɗawar take a daidai lokacin da ya haska, ko tana sama ko tana ƙasa. Wato akwai alamar cewa gani ba ya kwarara a miƙe, yana zuwa ne ɗauka-ɗauka, da 'yan gurabe a tsakani da ba ma ankara da su. A 2015 wasu a jami'ar Wisconsin suka ƙara da cewa mai saurin alfa ya fi iya bambance walƙiya biyu da suka zo a jere, mai nawar alfa kuwa sai ya gan su a matsayin ɗaya. A ɓangaren ji ma an ga ƙwaƙwalwar mai sauraro tana bin saurin gaɓoɓin mai magana. Sai dai tasirin da aka auna ƙarami ne, a ɗakin gwaji aka same shi, kuma akwai waɗanda suka maimaita wasu daga cikin gwaje-gwajen ba su ga abin da na farko suka gani ba. Masana suna kan muhawara. Mai sayar da sauti ne kaɗai ya riga ya yanke hukunci.

Dabarar sautin nan tsohuwa ce, wani Bajamushe Heinrich Dove ya bayyana ta tun 1839. Idan aka saka wa kunnen dama sauti mai kaɗawa 400 a sakan, na hagu kuma 410, mutum zai ji kamar ana wani bugu sau 10 a sakan a tsakiyar kansa. Wannan kam haka ne. Abin da ake iƙirari a kai shi ne ƙwaƙwalwa za ta bi wannan bugu ta koma alfa. A 2023 wasu masu bincike a Jamus suka tattara nazarce-nazarce 14 da suka auna hakan da EEG: 5 sun ga alama, 8 sun ga akasin haka, 1 ya tsaya a tsakani. Ko da ma ƙwaƙwalwar ta bi, saura a nuna cewa bin nata yana ƙara hadda, wannan kuma wata tafiya ce daban. Ga wani abin dariya: dabarar ba ta aiki sai kowane kunne ya ji nasa sautin shi kaɗai, don haka mai kunna ta a lasifikar waya ya ajiye a gefen katifa gunji kawai yake saurare. Ban ce kowa ya daina ba. Idan tana toshe maka ƙarar janareton maƙwabta ka samu natsuwa, madalla. Amma ka san abin da ta yi maka ke nan.

Bugu daga waje kam yana iya jan ƙwaƙwalwa, an kuma ga hakan ƙarara ta hanyar cutarwa. Ranar 16 ga Disamba 1997 wani gidan talabijin a Japan ya nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon, a ciki akwai 'yan sakanni da ja da shuɗi suke walƙiya kimanin sau 12 a sakan. A daren aka kwashi yara 685 zuwa asibiti, wasu da farfaɗiya, da yawa da jiri da amai. Shi ya sa ƙa'idar da ake bi a talabijin na ƙasashe da dama da shafukan intanet ta hana walƙiya fiye da uku a sakan. Masu farfaɗiyar da haske ke tayar wa kaɗan ne cikin masu ciwon, amma suna nan, kuma ban ga mai tuna su ba idan ana haɗa fitilun walƙiya a ɗakunan biki ko bidiyon TikTok. Akwai kuma aikin Li-Huei Tsai ta jami'ar MIT, wadda a 2016 ta ba da rahoton cewa haske mai walƙiya sau 40 a sakan ya rage dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu irin ciwon mantuwa na Alzheimer. Wani ɗakin bincike a New York ya gwada a 2023 bai ga hakan ba, gwaji a kan mutane kuma yana gudana. Fitilun dai tuni suna kasuwa.

Kaɗawar da aka fi samun hujjar tana taimakon hadda ba a sayar da ita, barci ne ke kawo ta. A cikin barci mai nauyi, delta tana tafiya tare da wasu gajerun kaɗawa masu sauri, a lokacin ne ƙwaƙwalwa take maimaita abin da aka koya da rana tana adana shi. Ɗalibin da ya kwana a aji da goro da Nescafé da sautin alfa a kunne ya sayar da abin da ke aiki ya sayi wanda ba a tabbatar ba.

Ɗalibi dai maki zai rasa. Direba rai yake ɗauke da shi. Idan mutum ya daɗe bai yi barci ba, EEG tana nuna wani abu mai ban tsoro: tita tana kutsowa cikin farkawa na 'yan sakanni, mutum yana zaune, hannunsa a kan sitiyari, wani lokaci idonsa ma a buɗe, amma abin da ke gabansa ba ya shiga. Sau da yawa shi kansa bai san ya tafi ba, idan ka tambaye shi zai rantse idonsa biyu, kuma ba ƙarya yake nufin yi ba. A 2011 an nuna a jikin ɓerayen da aka hana barci cewa wasu gungun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna daina aiki na ɗan lokaci alhali ɓeran yana yawo, kuma a irin wannan lokaci ya fi kuskuren cafko abinci. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Ɗaukewar sakan huɗu ta wuce mita 110 ba matuƙi. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, kuzarinsa da saurin martaninsa suna raguwa daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suke kama direba a kanta. Mu da ba za mu taɓa shiga motar mashayi ba, muna shiga ta wanda ya taso daga Legas jiya bai runtsa ba, har muna yaba masa juriya.

Goro da shayi mai kauri ba sa biyan bashin barci, suna toshe ƙararrawar da ke sanar da kai bashin ne na ɗan lokaci. A wasu ma'adinai na Ostireliya direbobin manyan motoci suna sa hula mai auna kaɗawar ƙwaƙwalwa, ta yi ƙara idan gyangyaɗi ya zo. Ba hula muke bukata ba tukuna. A Tarayyar Turai doka ce direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a ƙa'ida kada ya wuce awa 9 a rana. Mu kuwa direba yana tsere ne da balas ɗin mai mota da layin lodi a tasha, wanda ya tsaya barci wani ya ɗauke masa fasinja. Muddin haka tsarin yake, wa'azin "a riƙa hutawa" da ake yi lokacin bukukuwan sallah ba zai shiga ba. Masu motoci da ƙungiyoyin direbobi ne za su sa direba na biyu a doguwar tafiya su kuma lissafa awannin kowa, fasinja kuma su daina ganin direban da ya faka don ya ɗan runtsa a matsayin rago.

Sai yarinyar aji. Mutanenmu sun san farfaɗiya mai kayarwa, mai kumfa da sandarewa. Wadda ba a sani ba ita ce mai ɗaukewa. Takan fara tsakanin shekara 4 zuwa 10, ta fi yawa a 'yan mata. Yarinya tana cikin magana ko rubutu sai ta tsaya cak, ido ya kafe, wataƙila fatar idon ta ɗan kaɗa, bayan kamar sakan 10 ta ci gaba daga inda ta tsaya ba ta san an yi komai ba. Ba faɗuwa, ba kumfa. Yana iya faruwa sau gommai a rana. Malam ya yi bayani, ita ta ji farko da ƙarshe, tsakiyar ta ɓace. A tambaye ta ta kasa, a ce daƙiƙiya ce ko mai taurin kai. A gida a aike ta ta manta rabin saƙon, nan ma duka. Bambancinta da mai tunanin banza a fili yake ga wanda aka koya wa: mai tunani idan ka kira sunansa ko ka taɓa shi zai zabura, ita kuwa ba za ta amsa ba sai abin ya sake ta.

Tun 1935 Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox suka nuna a Boston cewa wannan ciwo yana da sa hannunsa a takardar EEG: tsini da tudu, tsini da tudu, sau 3 a sakan, a duk faɗin kai lokaci guda. Likita yakan sa yaron ya yi ta numfashi da ƙarfi na kamar minti uku, sau da yawa abin yakan taso a gabansa, na'ura ta kama. Yana jin magani, kuma yawancin yaran suna rabuwa da shi idan sun girma. Amma dole a san irinsa, domin carbamazepine, wanda yake cikin magungunan farfaɗiya da aka fi samu a kemis, yana iya ƙara tsananta wannan nau'in. Uban da ya je kemis ya ce a ba shi maganin farfaɗiya yana iya sayo wa 'yarsa ƙarin ciwo da kuɗinsa.

Na san abin da ake fara tunani a gidajenmu idan yaro yana ɗaukewa: shafar aljanu. Ba na faɗa da addu'a, ba na kuma ganin ta hana zuwa asibiti. Ibnul Ƙayyim da kansa, a Zadul Ma'ad, ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai wadda take daga gurɓacewar jiki, ita ce likitoci suke magana a kan sababinta da maganinta. Malamin da ya yarda da wannan rabo ya kamata ya zama na farkon cewa a je a auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, ta kuma ce har kashi 70 za su iya rayuwa ba tare da ciwon yana tashi ba idan aka gano shi aka ba su maganin da ya dace. A ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samun wannan magani. Su ne yaran da ake cirewa daga makaranta, 'yan matan da ake fasa aurensu, mutanen da ake gudun yawunsu alhali ciwon ba ya yaɗuwa.

Wani zai ce to a kawo na'urorin makarantu mana, a ɗaura wa kowane yaro. An gwada, kuma ba abin koyi ba ne. A 2019 aka ga wata firamare a Jinhua ta ƙasar Sin tana ɗaura wa yara wani kambu na kamfanin BrainCo a goshi, da fitilar da ke sauya launi wai tana nuna wanda ya mai da hankali, ana tura makin ga malamai da iyaye. Da surutu ya yi yawa hukuma ta dakatar. Asibiti yana liƙa wayoyi kusan 20 a kai, ƙwararre ya zauna ya karanta, duk da haka gwajin farko yakan fito lafiya lau ga mai farfaɗiya na gaske. Ina ga kambu mai 'yan wayoyi a goshin yaro mai motsi? A Indiya abin ya fi haka muni, domin a 2008 wata kotu a Pune ta karɓi gwajin kaɗawar ƙwaƙwalwa cikin hujjojin da ta ɗaure wata mata da su a shari'ar kisa, wai ƙwaƙwalwarta ta nuna ta san abin da ya faru. Sai a 2010 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana tilasta wa mutum irin wannan gwaji. Chile kuma ta gyara tsarin mulkinta a 2021 don kare bayanan ƙwaƙwalwar 'yan ƙasa. Irin waɗannan kaya za su iso mu, kuma ina zargin ta ƙofar makarantun kuɗi za su shigo, a matsayin abin burge iyaye.

Abin da nake nema bai kai wannan tsada ba. Kwalejojin horar da malamai su ware darasi guda a kan yadda ake gane yaro mai ɗaukewa da abin da ake yi wa wanda ya faɗi: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki. Ma'aikatun lafiya na jihohi su sa na'urar EEG a manyan asibitocin shiyya, kada ta tsaya a asibitocin koyarwa, su horar da ma'aikatan jinya su riƙa ɗaukar gwajin. Likitocin jijiya sun yi ƙaranci, gaskiya ne, amma sakamakon EEG fayil ne na kwamfuta, ana iya ɗauka a ƙaramin gari a tura wa likita a Kano ko Zariya ko Yamai ya karanta. Kafin a kai ga haka, iyayen da suka ga ɗansu yana irin wannan tsayawa su ɗauki bidiyonsa lokacin da abin ya zo, su rubuta sau nawa yake yi a rana da tsawon kowanne, su tafi da shi wurin likita. Sau da yawa da wannan bidiyo da bayanin wanda ya gani da ido likita yake fara gane nau'in ciwon, tun kafin layin gwaji ya zo kansu.